Ciyawar da Ke Kan Rufinmu a Liwan

Tun da sanyin bana ya ja baya, bangon gidan nan namu na unguwar Liwan ya fara gumi, Sabi'u ya sa wa ciyawata ido. Sabi'u Bakano ne, takalma yake saro wa 'yan kasuwar gida, ɗakinsa na kallon nawa a hawan ƙarshe na wani tsohon bene. Ya haura arba'in, yana da iyali, amma Baba yake ce mini, kuma ba ya wuce ƙofata bai rusuna ba. Kwalayensa ne suka yi laushi a kusurwar ɗaki. Ya ɗaga kai ya ga damshi a silin, ya hau sama ya tarar da wani kore shar ya malale a gefen rufi, shi ke nan ya yanke hukunci: wai ciyawar ce ke shigo da ruwa, sai an kankare ta. Na ce masa a garin nan ko madubi gumi yake yi a irin wannan lokaci, har dogayen benayen da ba ko tsinke a kansu. Ya ce haka ne, Baba. Kun dai san irin haka ne ɗin da ƙarami ke ce wa babba bayan ya gama shawararsa. Ni kuwa wannan ciyawa ita ce abin da ya rage mini a birnin nan na Guangzhou a ƙasar Sin, kuma tun ranar hankalina bai sake kwanciya ba.

Ban ga laifinsa ba, don da abin da aka raine ni da shi aka raine shi. A garinmu, ciyawa a kan soro abin kunya ce. In bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai ka ji gari ya ɗauki ƙarar tattaka ƙasa da shewar yara a saman ɗakuna. Mu ake hawarwa saboda ba mu da nauyi. A jingina tsani, ka hau da 'yar wuƙa da ƙwarya, ka bi duk wani tsiro ka tumɓuke, ka zura hannu cikin indararo ka fito da sheƙar tsuntsu da busasshen ganye, manya na ƙasa suna cuɗa yaɓe suna miƙo maka. Mahaifinmu yana tsaye, hannu a ƙugu, yana cewa in na bar masa ko saiwa ɗaya, ranar da ɗaki ya yi yoyo a kan gadona za a tara ruwan. In an wuce gidan da ciyawa ta fito a soronsa, ba a cewa komai, kallon juna kawai ake yi, an san ko maigidan ya mutu ko ya lalace. Daga can sama nake hango mata suna sussuka, ina jin lugude daga gida zuwa gida, da kukan jakin mai itace, da guga tana bugun bakin rijiya. Yau in na hau rufi, abin da nake ji shi ne gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki da ƙarar salatif ana naɗe kwalaye tun safe har dare.

A bayan garin namu akwai dutse. Ba wani babban dutse ba ne, amma a wurinmu nan duniya ta ƙare. A gindinsa yayan mahaifinmu, Baffa, yake rataya amyoyinsa a kan ɗorawa. Mutum ne marar magana, bai da ɗa namiji, kullum rigarsa na warin hayaƙi da kakin zuma. Ni ya zaɓa in riƙa riƙe masa igiya da tulu, ban san dalili ba, ƙila don na fi sauran iya yin shiru, abin da yanzu ba wanda zai yarda na taɓa iyawa. Ba ya koyar da kai da baki. Sai dai ya tsaya, kai ma ka tsaya, ya kalli abu, kai ma ka kalla har ka gano me yake kallo. Abin da ya fi faɗa mini shi ne in rage gaggawa, zuma ba ta son mai rawar jiki.

Wata shekara ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba. Wake bai yi fure ba, ciyawar fadama ta ƙone, gari ya yi tsit irin shirun da ke sa manya su daina wasa da yara. Masu amya suka fara kuka, zuma tana tashi tana barin gida, a wayi gari a tarar da amya wayam. Na Baffa kuwa suna nan, suna fita suna dawowa, har da garin fure a ƙafafunsu. Abin ya ɗaure masa kai. Wata safiya ya tashe ni, muka tsaya ƙarƙashin ɗorawa muna kallon inda suke dosa. Ba gona suke nufa ba, ba fadama ba, sama suke yi, kan dutse, inda kowa ya san ko akuya ba ta samun abin ci. Muka bi su. Ƙafata na zamewa, dutse ya fara zafi, ina haki, Baffa ko waiwaye. Can bayan wani ƙaton falale muka iske tsaga mai tsawo, cike da wani tsiro mai kaurin ganye, ya ɗago furanni ruwan ɗorawa, zuma ta rufe shi tana ta guna. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba, kuma ban sake ji ba sai da na tsufa. Baffa ya zauna a kan dutse, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Da zai yi magana, da zumar ya yi.

"Ashe nan kuke ci," in ji shi.

Ya tsinko ganye ɗaya ya karya a gabana, ruwa garau ya fito, ba farin ƙaro irin na tinya ba. Ya ɗiga mini a bayan hannu, sanyi kamar daga randa. Ya sa na ja tsiron a hankali in ga saiwarsa, 'yar siririya, ba ta shiga ko'ina ba, ta dai kama ɗan ƙurar da iska ta tara a tsagar. Ya ce wannan ruwansa a jikinsa yake ajiyewa, shi ya sa fari bai dame shi ba. Washegari ya sa muka sari ƙaya, na riƙa jan ta zuwa kan dutse, muka yi wa tsagar shinge saboda awaki. Kai, an yi mana dariya. Har a kasuwa ana nuna mu, wai ga masu killace dutse, ko tsoro suke kada a sace shi. Mahaifina ya ji haushi, ya ce an mai da ɗansa abin ba'a. A shekarar, duk yankin, Baffa kaɗai ya ɗebi zuma, kuma rabar da ita ya yi gida-gida, har gidajen masu dariyar. Ni na kai, da ƙaya a tafin hannuna da ba ta gama fita ba.

Dutsen nan babu shi yanzu. An fasa shi da nakiya, an niƙe shi tsakuwa, an zuba a titi. Zuwana na ƙarshe na sa aka kai ni wurin, na tarar da rami cike da koren ruwa da ledoji. Soraye kuma duk sun koma kwano, ba yaron da ya san hawa ya cire ciyawa. Ni ma ɗin ai ban zauna ba. Kasuwa ta ja ni Kano, daga Kano ta jefo ni nan, lokacin da in ka sauka a otal-otal ɗin unguwar Liuhua ba ka rasa wanda zai amsa maka sallama a kowane hawa. Muna da yawa a lokacin. A ɗaki ɗaya ake dafa tuwon garin shinkafa a ɓoye, a zauna a ci da hannu, a yi ta musu a kan wane lawban, wato mai shago, ne mai gaskiya, wane ne in ka tambaye shi kaya zai ce maka meyo, wato babu, alhali suna bayansa. Yau sa'o'ina duk sun tafi. Wasu sun koma gida, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Na yanzu a waya suke ciniki, a waya suke gaisawa, ko abinci a waya suke kira. Suna girmama ni ƙwarai, su karɓi jakata, su ba ni wuri a sahun gaba, amma ba mai zama ya tambaye ni ko da me na yi mafarki. Kaɗaici nake ji, wallahi, irin wanda ba ya jin magani.

A cikin wannan hali na fara hawa rufi, don likita ya ce gwiwata na son rana. A can na haɗu da wata tsohuwa 'yar ƙasar, mai ɗaki a hawa na biyu. Ayi kowa ke ce mata, kamar yadda za mu ce Inna ko Gwaggo. Tana da tukwanen barkono da albasa da wani ɗan lemo a gefe guda. Ba ta jin Hausa, ni kuma abin da na iya na yarensu bai wuce na ciniki ba, amma mun yi shekaru muna hira da hannu da kai. Wata rana na ga ta tsallake wani tsiro da ya bi gindin katangar rufi, tana ɗage ƙafa kada ta taka. Na sunkuya. Da farko na ɗauka harshen saniya ne, wanda ke fitowa a bakin kwata a gida. Amma harshen saniya jan kara gare shi, ganyensa mai faɗin baki. Wannan kuwa karansa kore ne fatsi-fatsi, yana rarrafe a kan siminti, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta saki 'yar saiwa kamar gashi. Ganyen uku-uku suke kewaye da kara, masu kauri, masu tsini, kamar 'ya'yan guna. Na karya ɗaya. Ruwa garau, mai sanyi.

Ba shi ne na dutsenmu ba, ban yaudari kaina ba. Namu ya fi tsayi, ganyensa ya fi faɗi, furensa baki huɗu. Wannan a kwance yake, kuma in lokacinsa ya yi, wajen farkon ruwan nan nasu, sai ya rufe da ƙananan furanni rawaya masu tsini biyar, a buɗe kamar tauraro. Amma dangi ne, ko makaho ya shafa ya san gidansu ɗaya. Ayi ta faɗa mini sunansa, cuifancau, na yi ta maimaitawa tana dariya har da riƙe ciki. Ta nuna mini da hannu cewa ba ita ta shuka ba, ɗan ƙasa ne, a tsofaffin rufuna da bakin duwatsu yake fitowa da kansa, kuma a ƙauyensu ana dafa shi a sha in zafi ya yi wa mutum yawa. Ba ya son taki, ba ya son ban ruwa. Abin da yake so kawai a ƙyale shi.

To, in ya yi fure, zo ka ga baƙi. Ni da na ɗauka ba wani mai rai a tsakiyar wannan siminti sai mu da ɓeraye. Da hantsi zuma ke fara zuwa, ƙanana, ba su kai namu faɗa ba, ban san ko daga ina suke ba. Furen a buɗe yake, ba zurfi, don haka har ƙwaron da bakinsa bai da tsawo yana samun rabonsa. Akwai wani ƙuda mai zanen zanzaro, ba ya harbi, yakan tsaya cak a iska kamar an rataye shi da zare. Ayi ta nuna mini 'ya'yansa a bayan ganyen barkononta suna cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse shi, shi ya sa ba ta taɓa sayen maganin feshi ba. Malam-buɗe-littafi ƙanana masu shuɗi-shuɗi suna sauka. A ƙarƙashin ganyen, inda ke da sanyi ko da siminti na ƙona ƙafa, gizo-gizo da dodon koɗi da tsaka suke fakewa. Saboda su kuma tsuntsaye ke zuwa, gwara da wasu korra masu farin zobe a ido, su yi ta tsalle suna tsince-tsince. Lemon Ayi ma bai fara 'ya'ya sosai ba sai da ciyawar ta yaɗu. Nakan zauna a kan bulo in rufe ido in saurari gunar nan, sai in ji ni a kan falale, gefen mutumin da ke warin hayaƙi.

Bara ɗan Ayi ya zo ya ɗauke ta zuwa wani dogon bene a bayan gari. An sauke tukwanenta duka. Ranar tafiya ta hau da ƙyar, ta nuna ciyawar, ta nuna ni, ta kaɗa yatsa a fuskata irin na kashedi. Na ce mata shiyeshiye, wato na gode, don ita ce kalmar da na iya, ko da yake ba ita ta dace ba. Tun daga nan ni kaɗai nake hawa. Ina tsince ledar da iska ta kawo, ina kore kyanwar maƙwabta, ina jiran fure kamar mai jiran baƙo daga gida. Bana kuwa ya yi kyau fiye da kowace shekara, ya kusa kai rabin rufin.

Shi ya sa da Sabi'u ya sake tayar da maganar, ya same ni a bakin matakala yana cewa zai nemo shebur da fentin hana yoyo, na tsaya na dube shi da kyau. Ta ina zan fara? In ce masa dattijo mai jikoki ya ƙwallafa rai a kan ciyawa? In ba shi labarin dutsen da babu shi, yana tsaye da waya biyu suna ta ƙara? Abin da na iya cewa shi ne:

"Ka bar shi, Sabi'u. Kada ku wahalar da kanku, ni haka nake son wurin."

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. "To, Baba. Allah Ya ƙara girma."

Na koma ɗaki ina ganin an gama. Na manta da mutanenmu. A wurinmu in babba ya ce kada ka wahalar da kanka, kara ce yake yi maka, kuma ɗan halak ba ya tsayawa a nan. Jira yake ka juya baya ya yi aikin, don kada ka ji nauyin an yi maka. Ni kaina sau nawa na yi wa manya haka, na nome gonar da aka ce in bari, na ɗauki kayan da aka ce in ajiye, aka sa mini albarka. Abin da Sabi'u ya ji ke nan: tsoho yana zama kullum a kan bulo cikin ciyawa, yana jin kunyar ya ce a gyara masa.

Ranar da na tafi unguwar Baiyun wajen masu kago, masu aika kaya gida, don a auna wasu kaya, na wuni a can. Da la'asar na dawo na tarar da shi a ƙofar gida tare da abokansa biyu, wandunansu a naɗe, duk sun yi fenti har gira. Sai fara'a suke. Suka karɓi jakata, suka ce in daure in hau sama akwai abin da za su nuna mini. Tun a matakala warin fenti ya gaya mini komai, amma na ci gaba da hawa, don ba yadda zan yi. Rufin ya yi fes, toka-toka, yana sheƙi daga wannan katanga zuwa waccan. Ba ganye ko ɗaya. Sabi'u yana ta bayani, cewa sun bi kowace tsaga da buroshin ƙarfe, sun zuba tafasasshen ruwa don kada ta sake fitowa, buhunan ciyawar ma sun bi motar shara tun azahar. A inda fentin ya bushe sun shimfiɗa sabuwar darduma, sun ajiye kujera mai hannu da matashi, har da laima a kanta. Bulona ma sun jefar. Na dubi tafin hannunsa, duk ya yi kanta ya fashe. Mutumin nan ya rufe cinikinsa na yini guda saboda ni.

Suna tsaye su uku suna jira. Na san abin da suke jira, kuma haƙƙinsu ne. Na ɗaga hannu na yi musu addu'a, na ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su masu yi musu. Muryata ta karye a tsakiya. Sabi'u ya ɗauka daɗi ne ya yi mini yawa, shi ma idonsa ya ciko, ya ce ai ba komai, Baba, kai ubanmu ne a nan.

Washegari da hantsi na hau, na zauna a kujerar. Ba a jima ba ƙudajen zuma suka iso, don su ba wanda ya gaya musu. Suka yi ta kewaya gindin katanga ƙasa-ƙasa, su sauka a kan fenti, su tashi, su koma daidai inda furen ya fi yawa, su sake sauka. Ɗaya ta zo ta sauka a hannun rigata, inda aka yi aiki da rawayan zare, ta bi zaren tana lalube. Na ƙame, ko numfashi ban so in yi ba, har ta gaji ta tashi. Kashegari kaɗan suka zo. Kafin Juma'a ta zagayo ba ko ɗaya, tsuntsayen ma sun daina.

Silin ɗin Sabi'u na nan da damshinsa, ya ce ƙila sai an ƙara fenti. Ni kuma kullum da hantsi ina hawa in zauna, in daɗe, ba abin da nake kallo. Ɗakinsa na ƙarƙashin rufin, yana jin takuna, kuma in ban hau ba zai ɗauka kujerar ce ba ta yi mini ba.